Zane da Ruwa Mai Ƙarfi: Hanyar Adana Adon Magabata

Ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya tashi daga Toumboutou ya ci kasuwar Malanville zai ga roba ta ture ƙwarya, kuma adon da magabata suke sassaƙawa a bayanta yana bin ta a hankali. Akwai wata dabarar ɗab'i da za ta iya kwashe wannan ado ta adana shi a takarda. Da Faransanci ana kiranta eau-forte, wato ruwa mai ƙarfi.

Akan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a yi zane da allura, ta kankare kakin kaɗai. Sai a tsoma farantin cikin ruwan asid, ya ci inda allura ta bi, ya bar inda kaki ya rufe. Daga nan a wanke kakin, a cusa tawada cikin gurabun, a goge sama, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Gwargwadon daɗewar faranti a ruwan, gwargwadon zurfin layi da baƙinsa. Kyanta shi ne allura ba ta kokawa da ƙarfe. Hannu na tafiya kamar alƙalami a kan allo, kuma faranti guda yakan haifi kwafi masu yawa. Sai dai dama takan koma hagu, don haka mai rubutun Larabci dole ya rubuta a juye.

Maƙeran sulke a Turai sun daɗe suna ƙawata ƙarfe da asid. Wajen 1500 Daniel Hopfer na Jamus ya mayar da ita hanyar bugawa a takarda, Rembrandt na Holan, wanda ya rasu a 1669, ya kai ta ƙoli. A kusa da mu, Bruce Onobrakpeya ya shiga kwalejin Zariya a 1957, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958 don haɗa dabarun Turai da adon gargajiya. A 1967 asid ya ɓata masa faranti, ya cike ramukan da gam, ya sami sabon salo mai tudu da kwari.

Iyayen da ke tsoron suranta mai rai, hankalinsu ya kwanta. Zayyanar allon sauka, dagi da zanen ƙwarya sun ishe mu. Mu ƙarfafa wa yaro mai hannun zane gwiwa, amma asid yana ƙuna, kada ya taɓa shi sai gaban gwani. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.