Ƙananan Raunuka a Jikin 'Ya'yan Ɓeran Masar: Nazari Daga Ƙasar Shanono

Gabatarwa

A ƙauyukan ƙasar Shanono, wadda ke arewa maso yammacin Jihar Kano, maƙwabciyar Bagwai da Gwarzo, kiwo ba aikin manya kaɗai ba ne. Yaro yakan fara da tantabara ko zomo ko ɓeran Masar tun kafin a amince masa da akuya. Sau da yawa yaro yakan wayi gari ya tarar ɗan ɓeransa ya mutu bayan ɗan ƙwarzane da bai kai a kula ba, sai a ce masa kwana ne ya ƙare. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana cewa raunin kansa ba safai yake kisa ba. Abin da ke kisa shi ne irin abincin da dabbar ke ci da kuma irin maganin da aka yi mata.

Asalin dabbar da halittarta

Ko da yake Bahaushe ya jingina wannan dabba ga Masar, kamar yadda ya yi wa masara, asalinta daga duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, wato yankin ƙasashen Peru da Bolibiya da Ikwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwon ta don nama. A ƙarni na 16 fatake suka kai ta Turai, daga baya ta bazu a duniya.

Macen takan ɗauki ciki na kwana 59 zuwa 72, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu galibi. Saɓanin ɗan zomo, ɗan ɓeran Masar yakan zo duniya da gashinsa da haƙoransa, idonsa a buɗe, nauyinsa kuwa wajen giram 100 ko ƙasa da haka. Cikin 'yan sa'o'i zai fara gudu. Wannan saurin wayo shi ke ruɗin mai kiwo, ya ɗauka ɗan ya yi ƙwari, alhali ƙashinsa da fatarsa ba su nuna ba.

Ire-iren raunukan da dalilansu

Na farko shi ne cizo. Idan aka haɗa maza biyu a akurki ɗaya tare da mace, faɗa ba ya ƙarewa, kuma ƙanana su ke kwana a ciki. Akan ga kunne a yage ko tabon haƙori a gadon baya. Na biyu shi ne faɗuwa daga hannun yara, domin dabbar ba ta iya dira ba. A nan haƙorin gaba kan karye, amma da yake haƙoranta ba su daina tsiro, yakan komo cikin 'yan makonni, muddin ana yayyanka mata abinci ƙanana. Na uku shi ne ciwon tafin ƙafa da karyewar farce, waɗanda ragar waya ko daɓe mai danshi ke haddasawa. Na huɗu shi ne ƙaiƙayi ko tsinken harawa da ke shiga ido. Bayan waɗannan akwai yakushin kyanwa da cizon gafiya da saran kaza, waɗanda ko da bakinsu ƙarami ne, sukan yi zurfi.

Dalilin da ya sa rauni ke ƙin warkewa

A nan ne gizo ke saƙa. Yawancin dabbobi, kamar akuya da tunkiya da zomo, jikinsu na haɗa sinadarin bitamin C da kansa. Ɓeran Masar kuwa, kamar ɗan Adam, sai ya same shi daga abinci kullum. A shekarar 1907 wasu likitoci biyu na ƙasar Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar da tsabar hatsi zalla, sai suka ga sun kamu da cutar nan da ke sa dasashi zubar jini da kumburin gaɓɓai, wadda ta daɗe tana addabar matuƙan jiragen ruwa. Wannan sinadari shi jiki ke amfani da shi wajen saƙa sabon nama a bakin miki. In babu shi, miki ba ya haɗewa.

Idan aka dubi shekarar manomin Shanono, za a ga inda matsalar take. Da damina ɗanyar ciyawa na ko'ina. Amma daga kaka zuwa bazara, abin da ke hannu shi ne dusa da harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda rana ta riga ta ƙone bitamin ɗin da ke cikinsu. Saboda haka ƙwarzanen da zai bushe cikin mako guda da damina, yana iya zama gyambo da rani. Maganin wannan kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: ɗanyen zogale, alayyahu, ganyen dankali, kabeji, tattasai ko ɓallin gwaiba, kaɗan-kaɗan a kowace rana. Ita ma damina da nata sharrin, domin ƙuda kan yi ƙwai a miki, tsutsa ta fito cikin kwana ɗaya.

Yadda ya kamata a yi jinya

Da farko a ɗauki ɗan da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, mai ɗauka yana zaune. In jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta na 'yan mintoci. Sannan a tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce, a riƙa wanke wurin safe da yamma. A ware shi daga manyan maza a wuri busasshe mai inuwa, amma in bai kai mako uku ba, kada a raba shi da uwarsa.

Abin da ya fi kowane haɗari shi ne maganin mutane. Al'adar fasa kafso a barbaɗa a miki tana iya halaka wannan dabba, domin takan lashe. Fanisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinta, sai gudawa ta biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Haka nan baƙin mai da kananzir guba ne gare ta.

Akwai alamomin da ke nuna abin ya wuce jinyar gida: kumburi mai tauri, mugunya ko wari, ɗingishi mai ɗorewa, ido a rufe, da kuma ƙin cin abinci na yini guda, domin hanjin wannan dabba ba ya jure zama wayam. A nan sai a nemi malamin dabbobi, a kuma tuna masa batun fanisilin.

Kammalawa

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yaron da aka koya wa duba jikin dabbarsa kowace safiya, da raba maza da wuri, da nemo ɗanyen ganye a tsakiyar rani, zai rage asarar 'ya'yan ɓerayensa. Bugu da ƙari, ranar da aka damƙa masa akuya ko saniya, ba a ranar zai fara koyon kiwo ba.