Zaɓen Layin Waya Ga Mai Shago A Tudun Wada

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, a dā attajirin Tudun Wadan Zariya ba ya da waya sai ta girke, ta NITEL da aka kafa a 1985. A 2001 salula ta shigo da MTN da Econet, wanda ya zama Airtel. A 2003 Glo ta kawo lissafi da sakan maimakon minti.

To, araha ba ta ado. Mai shago ya gwada kowane layi cikin rumfarsa da ma'ajinsa kafin ya rubuta lamba a allo, domin mai saye daga Kano idan ya kira bai samu ba, wani zai nema. Ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. In ɗaya ya ɗauke, ɗaya na nan. Mai yara da yawa ya tambayi tsarin CUG, kuɗin wata guda ga kiran junansu. Rajista kuwa da sunansa da lambar NIN tasa, kada yaro ya bar aiki ya tafi da abokan ciniki.

Tun 2013 ana sauya kamfani lamba ba ta canja ba. Wanda aka zalunta ya kai kuka ga hukumar NCC ta 622.

Allah Ya sa albarka a nema, amin. Tamat.