Zaɓen Taya Mai Ƙarfi Don Jigilar Amfanin Gona a Hanyoyin Karkara

Idan kaka ta yi, a-kori-kura ita ce ke fitar da doya da shinkafa da masara daga ƙauye zuwa kasuwa. Hanyoyin kuwa kun san su: burji mai gargada, ramuka, kututture da duwatsu masu kaifi. Taya ɗaya da ta fashe a daji tana iya sa tumatir ya kwana a rana ya ruɓe, balle idan motar ta kife da mutane a kan kaya.

Kada ku auna ƙarfin taya da ido ko da bugun hannu. Ƙarfinta a rubuce yake a gefenta. Ku nemi wadda ke ɗauke da alamar LT ko harafin C, misali 195R14C. Irin wannan an ƙera ta ne domin ɗaukar kaya, kuma gefenta ya fi na tayar ƙaramar mota kauri, don haka ta fi jure sarar dutse. Alamar 8PR tana nuna matakin ƙarfin zaren da ke cikinta; ta fi mai 6PR jure nauyi.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce ta nauyi, wadda ke biye da lambar girma. Taya mai lamba 106 tana ɗaukar kilo 950, alhali mai lamba 91, irin ta ƙananan motoci, kilo 615 ne iyakarta. Sai dai ku lura, nauyin motar kanta yana cikin wannan lissafi, kuma yawancin kayan a kan tayoyin baya yake sauka. Galibin a-kori-kura an yi su ne domin kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100. Wanda ya loda buhu 20, sannan ya ɗora fasinja a sama, babu tayar da za ta cece shi, komai tsadarta.

Haka kuma taya ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta mata sai da cikakkiyar iska. Idan iska ta yi ƙasa, gefen yana lanƙwasa a kowane juyi, zafi ya taru, zaren ciki ya rabu da roba. Sau da yawa direba yakan ɗora laifin a kan hanya, alhali tayar ta daɗe tana dahuwa daga ciki. Ku sa mai faci ya auna da geji da safe kafin tayar ta ɗau zafi, har da safaya, ku bi adadin da aka liƙa a jikin ƙofar direba.

Game da tayar gwanjo, arharta ce ke jan manomi. Ku duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wasu daga cikinsu ma an yi su ne domin ƙasashen sanyi, za ku ga hoton ƙanƙara cikin zanen dutse a gefensu. Robarsu mai laushi ce, tana saurin cinyewa a zafinmu. Duk tayar da ta yi kumburi a gefe a cire ta nan take, domin zaren ya riga ya tsinke, faci ba ya gyara shi.

Malaman gona su riƙa nuna wa ƙungiyoyin manoma waɗannan alamomi a jikin taya ta zahiri, tun kafin a ɗauki hayar mota.