Ƙirga Karta a Blackjack: Shin Dabarar Tana Aiki a Waya?

A Katsina, jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, caca haramun ce, amma yanzu ta shige cikin wayoyin matasa ta manhajoji. Ana kuma yaɗa cewa duk wanda ya iya ƙirga karta zai cinye wasan blackjack.

Maganar tana da tushe. A 1962, masanin lissafi ɗan Amurka, Edward Thorp, da taimakon kwamfutar IBM, ya nuna a littafinsa Beat the Dealer cewa idan ƙananan katuna suka fita, manya suka rage, rinjaye kan koma wa ɗan wasa. Sai dai rinjayen kusan kashi 1 ne cikin 100. Yana buƙatar jari mai kauri da dubban zagaye, kuma gidajen caca kan kori wanda suka gano.

A manhaja kuwa, kwamfuta kan sake cakuɗa katunan bayan kowane zagaye, don haka babu abin ƙirgawa. Ko a wasan da mutum ke rabawa ta bidiyo, ana cakuɗawa da wuri. Wanda ya sayar maka da “sirrin” a intanet, kuɗinka ne ribarsa.