Furen Damina a Idon Kyamara

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi a watan Agusta zai lura cewa babu daji. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Wannan yanki ne masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma fili ɗaya kowace shekara babu hutu, da taimakon takin gida da jakuna ke kaiwa gona a mangala. Don haka mai neman hoton fure a nan ba jeji ya shiga ba. Kowane tsiro da mai shi, hatta tafasar bakin hanya akwai wadda ta sa mata ido don kwaɗo. A bi burtali, a yi wa manomi sannu da aiki, a nemi izini kafin a taka kunya.

Fure kuma yana da lokacinsa, ba ya jiran mai barcin safe. Furen gyaɗa, ɗan ƙarami rawaya, yana buɗewa da fitowar rana, kafin azahar ya yi yaushi. Daga gindinsa ne wani ɗan tsinke ke sunkuyowa ya nutse cikin ƙasa, a can gyaɗar ke ƙulluwa, kuma hoton da ya kama furen tare da tsinken ya fi dogon bayani. Na wake ma da hantsi yake rufewa. Furen kuɓewa, ruwan ƙwai mai duhun ja a tsakiya, yininsa ɗaya tak a duniya. Bado kuwa, a kududdufan da aka haƙa don ginin gidaje, da dare yake buɗewa, ana samunsa a shimfiɗe da sassafe.

An yi dace, domin hasken wannan lokaci shi ne mai laushi. Ranar tsaka tana wanke launi, farin furen riɗi ya fito kamar takarda. Ranar da hadari ya lulluɓe sama ba asara ba ce, a ganina ma ta fi, don inuwa ba ta yin kaifi. Wayar hannu ta isa. A goge gilashinta, a durƙusa daidai tsayin furen, a taɓa fuskar wayar a kan inda ake son ya fito tar, sannan a jira iska ta lafa. Idan don gane tsiron ake ɗauka, fure kaɗai bai wadatar ba. A haɗa da ganye da kara, a sa yatsa a gefe don girman ya bayyana. Rama da yakuwa da kuɓewa dangi ne, furensu na ruɗar baƙo, ganye ne ke raba gardama.

Akwai furen da zai fi kowane ɗaukar ido wajen ƙarshen damina, a gonakin dawa da gero: doguwar zangarniya mai launin shunayya da ruwan hoda, wani lokaci ya rufe gona kamar an shimfiɗa atamfa. Kada a yaba shi a gaban mai gonar. Ƙuduji ke nan, wasu su ce wuta-wuta. Saiwarsa na maƙale wa saiwar hatsi tana tsotse ruwa da abinci tun bai ɓullo sama ba, shi ya sa kafin a ga furen ɓarna ta riga ta auku. Tushe ɗaya na zubar da dubun-dubatar iri ƙanana kamar ƙura, masu iya shekara goma ko fiye a ƙasa suna jiran saiwar dawa. Ya fi yawa inda ƙasa ta gaji. Hotonsa mai gaskiya shi ne wanda ya nuna dawar da ta tsumbure a bayansa.

Sunan tsiro kuwa a bakin mutanen wurin yake. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916, amma har yau tsohuwa mai tsinkar ganyen miya ta fi saurin ba da amsa. A rubuta sunan da ƙauyen da ranar, don suna kan sauya tsakanin Kano da Katsina.

Bishiyoyin gona ma suna da nasu abin mamaki. Gawo yana tsaye tsirara da damina, sai rani yake ganye, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar hatsi. Kuka kuwa da farkon damina take fure, babba fari mai reto a doguwar igiya. Da magariba yake buɗewa saboda jemagu, masu kai masa ƙurar haihuwa daga bishiya zuwa bishiya. Mai son hotonsa sai ya riƙe tocila ya haska shi daga gefe, domin kafin yammacin washegari ya riga ya dafe ya fara faɗowa ƙasa.