Bayan mutuwar Windows 10: Wane kanel ya dace da tsofaffin kwamfutocin Ƙaura Namoda?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro kyauta ga masu amfani da Windows 10. Wannan sanarwa ta shafi ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kai tsaye, haka ma masu shagunan buga takardu a Shinkafi da Zurmi, inda kwamfutar gwanjo ce ke ɗauke da yawancin aiki. Windows 11 na buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da na'urar sarrafawa ta Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, abin da kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba kasafai suke da shi ba.

Mafitar da masu gyara ke nunawa ita ce Linux, babbar manhaja ta kyauta da Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991. Sai dai a nan ake yawan kuskure.

Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja, shi ke shiga tsakanin shirye-shirye da sassan na'ura: ma'ajiya, allo, katin Wi-Fi, firinta. Ra'ayin da ya yaɗu shi ne tsohuwar kwamfuta sai tsohon kanel, wai don ya fi sauƙi. Wannan ba daidai ba ne. Abin da ke cinye ƙwaƙwalwar na'ura shi ne burauza da fuskar da ake gani a allo, don haka sauya fuska zuwa mai sauƙi irin Xfce ko LXQt ya fi amfani nesa ba kusa ba. Tsohon kanel da aka daina kula da shi kuwa, kamar 4.19 wanda wa'adinsa na hukuma ya ƙare a Disamba 2024, ƙofa ce a buɗe. A shagon da ake cike fom ɗin JAMB, ake shigar da lambar NIN da bayanan banki na mutane da dama a rana guda, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne.

Tambayar farko ita ce: na'urar mai biti 64 ce ko 32? Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake ɗauka sun tsufa, kamar masu Core 2 Duo na 2006 zuwa sama, suna iya ɗaukar biti 64. Waɗannan za su yi aiki da kanel mai dogon wa'adi kamar 6.12, wanda Debian 13 ta fito da shi a Agusta 2025, ko kuma Linux Mint 22 da za a ci gaba da kula da ita har 2029.

Matsalar tana ga masu Pentium M, Core Duo da Atom N270, waɗanda biti 32 kawai suka sani. Debian 13 ta daina samar musu kanel da manhajar girkawa. Abin da ya rage musu shi ne Debian 12 mai kanel 6.1, wadda tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028, ko antiX. Bayan haka, hanyar na ƙara ƙuntata.

Akwai kuma inda sabon kanel ke kawo cikas: tsofaffin katunan hoto na Nvidia da suka dogara da direba mai lamba 340 ba sa jituwa da shi cikin sauƙi, kuma wasu katunan Wi-Fi na Broadcom sai an sauke musu ƙarin fayil. Shi ya sa ya kamata a gwada manhajar daga filashi kafin a goge komai. Umarnin uname -r na nuna lambar kanel da ke aiki.

Yanayin Zamfara ma yana da nasa tasiri. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a jihar a Satumba 2021 ya san cewa manhajar da ke neman sabuntawa kowane mako ba ta dace da ƙauye irin Katuru ba. Kanel mai dogon wa'adi, wanda gyaransa ke zuwa kaɗan-kaɗan, shi ya fi dacewa. Hukumomin da ke raba wa makarantu kwamfutoci da sunan ayyukan mazaɓu ya kamata a tambaye su, tun kafin a yanke kirtani, wace manhaja ce a ciki kuma yaushe wa'adinta zai ƙare.