Me ya sa ake kiran unguwarmu Zango?

Mu 'yan zango ne, a Salaga, Yendi ko Bawku, amma da yawanmu ba mu san asalin sunan ba. Zango shi ne inda ayari ke sauka ya kwana. Fataken Kano masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da jakuna da dawakai. In madugu ya ce a sauka, sai a nemi bakin ruwa, a kafa turke, a ba doki ciyawa da kanwa kafin mutum ya ci nasa, don in dabba ta gaza, tafiya ta tsaya ke nan. Yaƙin Salaga na 1892 ya warwatsa fatake, inda suka yada zango ya zama gida. To, kada baƙo ya rasa masauki wurinmu. Allah ya jiƙan magabata.